Sawun Alƙalami da Tafiyarsa: Ƙirƙirarriyar Basira da Koyon Rubutun Yara Masu Buƙata ta Musamman

Malamin da ya buɗe littafin aikin ɗalibi, sawu kawai yake gani. Alƙalami ya riga ya wuce ya bar baƙi a kan takarda, kamar yadda barewa ke barin sawu a jiƙaƙƙen rairayi. Maharbin da ya ƙware yakan dubi sawu ya ce wannan da gudu ta wuce, waccan tana ɗingishi, amma ko shi ba zai faɗi sau nawa ta tsaya ta waiga ba. Malami yana ganin harafi ya karkace, kalma ta hau kan 'yar'uwarta, layi ya gangara. Bai ga lokacin da hannun yaron ya ɓata yana shawagi a sama kafin ya sauka ba. Bai ga yadda ya danne fensir har yatsu suka ƙage ba, bai kuma ga cewa daga ƙasa ya faro harafin da ake farowa daga sama ba. Sai ya ɗauki jan biro ya rubuta "gyara rubutunka", ya miƙa masa. Yaron kuwa da ya san yadda ake gyarawa, da tuni ya gyara.

Ta wannan giɓi, tsakanin sawun alƙalami da tafiyarsa, ƙirƙirarriyar basira ta shigo harkar koyar da rubutun hannu. Aiki mai yawa a fannin an yi shi ne a Suwizalan da Faransa da Isra'ila, don haka can za mu fi daɗewa.

Yaran da ake magana a kansu ba iri ɗaya ba ne, ko da yake jagwalgwalon rubutunsu kan yi kama. Akwai mai larurar da masana ke kira disgirafiya, wato wahalar rubutu mai ɗorewa ga yaron da hankalinsa da ganinsa lafiya lau suke, kuma an koya masa kamar kowa. Akwai mai larurar rashin daidaituwar motsin gaɓɓai, wadda ake ƙiyasin tana shafar kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta; shi wannan ɗaure igiyar takalmi da ɓalla maɓallin riga ma wuya suke ba shi. Akwai mai larurar rashin natsuwa, wanda hannunsa ya iya amma hankalinsa ya riga alƙalami yin gaba. Akwai masu otizim: binciken da Christina Fuentes da Stewart Mostofsky da Amy Bastian suka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna cewa inda suka fi samun cikas shi ne ƙera surar harafin kanta, kuma ƙarfin cikas ɗin yana tafiya ne da yadda suke sarrafa gaɓɓansu. A gida da makaranta dukansu suna ɗaya ake ba su: malalaci, ko daƙiƙi.

Wani zai ce, a zamanin da kowa ke latsa waya, me ya sa za a wahalar da irin wannan yaro da alƙalami? Amsar tana da ƙafa biyu. Ta farko ta shafi karatu. A 2005 Marieke Longcamp da abokan aikinta a birnin Marsai na Faransa sun koya wa yaran nasare haruffa, wasu da hannu, wasu ta latsa madannai, suka tarar cewa a cikin yaran da suka ɗan tasa, waɗanda suka rubuta da hannu sun fi gane haruffan daga baya. A 2012 Karin James da Laura Engelhardt a Jami'ar Indiyana suka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara 5 waɗanda ba su fara karatu ba. Sassan ƙwaƙwalwa masu aikin karatu sun motsa sosai idan yaro ya ga harafin da ya taɓa rubutawa da kansa a farar takarda. Ba su motsa haka ba idan latsa shi ya yi, ko bin sawun ɗigo-ɗigo ya yi. A riƙe wannan batu na bin ɗigo, za mu dawo kansa. Ƙafa ta biyu ta shafi tunani. Steve Graham da Virginia Berninger sun shafe shekaru suna nuna cewa yaron da duk hankalinsa ya tafi kan yadda zai lanƙwasa harafi, ba abin da ya rage masa na tsara jimla. Ya san amsa, lokacin jarrabawa ya ƙare yana layi na uku.

Kafin zuwan na'ura, ma'aunin da likitoci da masu horar da gaɓɓai suka fi dogara da shi a wasu ƙasashen Turai shi ne gwajin BHK, wanda aka fitar a Holan a 1987, daga baya aka daidaita shi da Faransanci. Yaro zai kwafi wani nassi na tsawon minti 5, nassin yana farawa da gajerun kalmomi yana ƙara wuya. Sai ƙwararre ya auna layuka biyar na farko da ma'auni 13, irin su girman harafi, karkatar layi, tazarar kalmomi da rawar hannu, ya kuma ƙirga haruffan da aka rubuta don sanin sauri. Gwaji ne mai kyau, amma shi ma sawu yake karantawa, kuma ƙwararru biyu kan iya saɓawa a kan takarda ɗaya.

Sara Rosenblum ta Jami'ar Haifa tana cikin waɗanda suka fara sauya tambayar. Ta riƙa ɗora takarda a kan allon kwamfuta mai jin alƙalami ko da bai taɓa shi ba, muddin yana kusa. Abin da ya fito fili shi ne lokacin da alƙalami ke yi a iska. Yara masu wahalar rubutu suna ɓata lokaci mai yawa hannu a sama, tsakanin harafi da harafi, har a tsakiyar harafi ɗaya, kamar mai tsallaka rafi yana laluben dutsen da zai taka. Wannan shawagi ba ya barin ko ɗigo a takarda.

A 2018 Thibault Asselborn da abokan aikinsa, ƙarƙashin jagorancin Pierre Dillenbourg na babbar makarantar kimiyya da fasaha ta EPFL da ke Lozan, suka haɗa irin wannan allo da na'ura mai koyo daga misalai. Yara 298 suka yi gwajin BHK a kan takardar da aka manna a allon Wacom, 56 daga cikinsu masu disgirafiya. Allon yana ɗaukar wurin da bakin alƙalami yake, da ƙarfin dannawa, da karkatarsa, wajen sau 200 a kowace daƙiƙa. Daga nan aka fitar da siffofi 53 na rubutun kowane yaro, aka ba wata dabara da ake iya kwatantawa da taron alƙalai masu yawa, kowane yana duba ɓangare na shaida yana kaɗa ƙuri'a, a bi rinjaye. Na'urar ta gano kashi 96.6 cikin 100 na masu larurar, ta kuma wanke kashi 99.2 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. Abin da ya fi alƙaluman nan muhimmanci a wurina shi ne irin siffofin da suka fi rarrabewa: akasarinsu na motsi ne, kamar yadda sauri ke hawa da sauka da yadda dannawa ke sauyawa, abubuwan da ido ba ya kamawa ko da malami yana tsaye a kan yaron.

Sai dai alƙaluma masu kyau irin haka suna buƙatar a daka su a shiƙe. A 2019 wasu masu bincike a Girenobul suka rubuta suka a mujallar da ta buga aikin, suna nuna damuwa kan yadda aka tattara bayanan, har da batun cewa ba samfurin allo ɗaya aka yi amfani da shi ga dukkan yaran ba. Asselborn da abokan aikinsa sun mayar da martani sun kare aikinsu. Ko wa ke da gaskiya, darasin ya shafi fannin gaba ɗaya: na'ura mai koyo ba ta san abin da aka aike ta nema ba, duk bambancin da ta tarar tsakanin rukuni biyu shi za ta kama. Idan masu larura sun yi rubutu a asibiti a kan wani allo, sauran kuma a aji a kan wani, tana iya koyon bambancin alluna ta ce ta gano cuta.

Akwai wani tarnaƙi da ya fi wannan zurfi, kuma ba a cika faɗarsa ba. Fasahar karanta rubutun hannu ta girma ne a kan manufar kawar da kai daga kuskure. Tarin hotunan lambobi 70,000 da ake kira MNIST, wanda ya zama filin gwajin masu wannan ilimi tun ƙarshen shekarun 1990, an ɗebo shi ne daga rubutun ma'aikatan hukumar ƙidaya da ɗaliban sakandare na Amurka, kuma wasu daga cikin na'urorin farko da aka gina a kan wannan hanya aikinsu karanta cakin banki. Burinsu shi ne duk yadda aka murɗe lamba 7, a gane 7 ce. Na'urar da ta ƙware a haka, in aka kawo ta aji, muguwar malama ce, domin yaro zai rubuta abin da mahaifiyarsa ma ba za ta iya karantawa ba, ita kuwa ta ce daidai. Na'urar koyarwa dole ta yi ayyuka biyu masu jan juna: ta gane abin da yaro ya nufa, sannan ta ƙi yafe masa yadda ya yi shi. Manhajar Kaligo, wadda ta fito daga aikin ƙungiyar Éric Anquetil a cibiyar bincike ta IRISA da ke birnin Ren, an gina ta ne a kan wannan rarrabewa: tana duba surar harafi daban, jerin zane-zanensa daban, alkiblar da hannu ya bi daban, ta sanar da yaro nan take. Haka manhajar Dynamilis, wadda ta tsiro daga aikin Lozan, take aiki a kan iPad, tana auna rubutu sannan ta zaɓa wa yaro wasanni gwargwadon inda ya gaza, ko dannawa ce, ko sauri, ko karkata alƙalami.

Gano matsala dai rabin tafiya ne, kuma shi ne rabi mai sauƙi. A 2011 Monica Hoy da Mary Egan da Katya Feder a Kanada suka tattara binciken da aka yi kan hanyoyin gyara rubutun yara, suka fito da hukunci mai ɗaci: duk hanyar da ba ta ƙunshi yin rubutun kansa ba, ba ta yi aiki ba, haka ma duk wadda ba ta kai zama 20 na atisaye ba. Murza laka da jera duwatsu a zare suna da amfaninsu, amma rubutu da rubutu ake koyonsa. To ga inda gizo ke saƙa. Yaron da ya fi kowa buƙatar zama ashirin shi ne wanda ya fi kowa ƙin alƙalami, domin shekara biyu ko uku ya yi ana ɗaga littafinsa a gaban aji ana dariya. Yakan ce cikinsa na ciwo, ko ya karya fensir, ko ya zama sarkin surutu don a kore shi waje kafin a fara kwafi. Kunya ce ke tsare ƙofar, kuma ba a buɗe ta da ƙarin shafukan aiki.

A ganina, dabarar da ta fi kowace hikima a wannan fanni ita ce ta shirin CoWriter, wanda aka gudanar a Lozan tare da masu bincike a Lisbon, kuma Deanna Hood da Séverin Lemaignan da Dillenbourg suka bayyana a 2015. Sun ɗauko mutum-mutumin Nao, ɗan ƙarami mai tsawon santimita 58, suka mai da shi ɗalibi maimakon malami. Nao zai yi kamar yana rubutu, harafi ya bayyana a allo a karkace, da gangan. Aikin yaro shi ne ya gyara masa, ya rubuta masa misali, ya ce masa sake. Manhajar da ke ciki tana matsar da surar harafin Nao zuwa ga misalin da yaro ya ba shi, don haka in yaro ya yi sakaci ɗalibinsa ba zai ci gaba ba, in ya natsu sai ya ga sakamako da idonsa. Ana ma iya saita mutum-mutumin ya riƙa yin irin kuskuren da yaron kansa ke yi, ya ƙara masa gishiri, yadda yaro zai hango aibin nasa a hannun wani. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Wanda ya saba da makarantar allo ya san wannan sirri tun daɗewa: gardin da aka ba ƙananan yara ya biya musu karatu, nasa karatun ne ke ƙara zama.

An gwada wannan a asibitin Pitié-Salpêtrière da ke Faris, inda Thomas Gargot da David Cohen da abokan aikinsu suka ba da rahoto a 2021 kan wani yaro ɗan shekara 10 mai tarin larurori, har da disgirafiya mai tsanani, wanda ya riga ya yi shekara biyu ana ba shi taimako na musamman amma ya kai ga guje wa rubutu. Ya yi zama 20, mako-mako, shi da mutum-mutumi da allo da mai horar da shi. Guje wa rubutu ya ragu, zamansa a kujera ya gyaru, rubutun ya inganta. A wani mataki yaron da kansa ya furta cewa ya gane shi ne ke koyo, ba mutum-mutumin ba, kuma wannan magana tasa ce ta zama kan rahoton. Labari ne mai taɓa zuciya, amma yaro ɗaya ne, ba a kwatanta shi da wani ba, kuma a kowane zama akwai ƙwararren mutum a ɗakin. Babu mai iya raba rabon na'ura da rabon wannan mutum. Mai sayar da manhaja da ya kafa hujja da irin wannan rahoto ya ce kayansa za su wadatar ba malami, ya faɗi abin da rahoton bai faɗa ba.

Ko da yaro ya yarda ya zauna, akwai tambayar yawan gyara. Na'ura ba ta gajiya, tana iya cewa "a'a" ko "madalla" bayan kowane zane, kuma masu ƙera ta suna alfahari da hakan. Masana koyon motsi kuwa tun 1984, lokacin da Salmoni da Schmidt da Walter suka yi bitar fannin, sun lura cewa gyara mai yawa yana kyautata aiki a lokacin atisaye amma yana iya raunana abin da ya saura bayan an janye shi, domin mai koyo ya dogara da muryar waje ya daina sauraron hannunsa. Yara suna da nasu hukuncin: binciken Katherine Sullivan da abokan aikinta na 2008 ya nuna cewa sun fi manya buƙatar a daɗe ana yi musu gyara, a kuma janye shi sannu a hankali. Ke nan gwanintar ita ce sanin lokacin yaye, kuma lokacin yayen kowane yaro daban. Nan ne na'ura mai bibiyar yaro ɗaya tsawon makonni za ta iya fin malami mai aji cike maƙil, in an gina ta ta riƙa ja da baya. Manhajoji da yawa na kasuwa akasin haka suke yi: taurari da kiɗa bayan kowane harafi, da layin ɗigo-ɗigo da yaro zai bi har abada. Mun riga mun ga abin da aikin Karin James ya nuna game da bin ɗigo. Ita a fassararta, karkatattun haruffan da yaro ke yi da kansa, yau haka gobe haka, su ne ke koya wa ƙwaƙwalwa gane harafi a kowace riga ya zo. Manhajar da ta hana yaro karkacewa kwata-kwata ta ƙwace masa wannan.

Sai kuma santsin gilashi. Denis Alamargot da Marie-France Morin sun nuna a 2015 cewa rubutu da alƙalamin roba a kan fuskar allon kwamfuta yana sauya tafiyar hannu: manyan ɗalibai suka ƙara dannawa da sauri, ƙanana kuma suka ƙara tsayawa. Takarda tana riƙe bakin fensir kaɗan, wannan riƙon kuma saƙo ne da yatsu ke aika wa ƙwaƙwalwa. (Alƙalamin kara a kan allon katako shi ma yana da riƙo, har ƙara yake yi, kuma abin sha'awa ne cewa Jérémy Danna da Jean-Luc Velay a Marsai sun yi shekaru suna gwada mayar da motsin alƙalami sauti don yaro ya ji gargadar hannunsa da kunne.) Yaron da sarrafa gaɓɓai ke ba shi wuya, ɗora shi a kan gilashi kamar koya wa mai tatata tafiya a kan daɓen da aka zuba wa ruwan sabulu ne. Saboda haka gwajin da ya dace a yi wa kowace manhaja shi ne a kashe ta, a ba yaron biro da littafi bayan wata guda, a ga abin da ya rage a hannunsa. Akwai kuma yaran da larurarsu ta kai inda alƙalami ba zai taɓa zama hanyarsu ta yau da kullum ba, kamar wasu masu shanyewar gaɓɓai tun haihuwa. Ma'aunin na'ura na watanni yana iya taimaka wa iyaye da malami su yarda cewa lokaci ya yi da za a koma madannai ko murya, maimakon a ci gaba da azabtar da yaro da sunan haƙuri.

Duk abin da allon ya ɗauka yana tafiya wani wuri. Rawar hannu da tsayawa da dannawa suna iya fallasa larurar da iyaye ba su gaya wa kowa ba, kuma suna bambanta mutum da mutum kusan kamar sa hannu. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma wajabta izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Makarantar da ta karɓi manhaja kyauta ya kamata ta tambayi inda rubutun ɗalibanta ke kwana.

Ga yaron da ke rubuta Hausa, akwai ƙarin shinge da ya taso daga yadda na'urorin ke koyo. Kowace cikinsu tana auna yaro ne da mizanin yaran da aka horar da ita da rubutunsu, masu shekaru kaza, a aji kaza, da salon rubutu kaza. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ke koyon haɗaɗɗen rubutu irin na tsarin Faransa ya fi kusa da mizanin Lozan da Ren a kan ɗalibin Kano ko Sakkwato da ke rubuta haruffa a rarrabe, amma dukansu biyu suna da ɓ da ɗ da ƙ, kuma na Nijar yana da ƴ. Na'urar da ba ta taɓa ganin lanƙwasar ƙ ba, ko dai ta share ta ta karanta k, ta bar yaro yana rubuta "kafa" a wurin "ƙafa" tana yaba masa, ko ta ɗauke ta a matsayin rawar hannu. Bahago ma yana cikin haɗari, domin karkatar alƙalaminsa daban ce, kuma a wurare da yawa an riga an tilasta masa komawa dama, abin da shi kansa ke barin alama a tafiyar hannu. Yaron da ya shiga boko yana ɗan shekara tara bayan ya yi shekaru yana rubutu daga dama zuwa hagu a allo, mizanin 'yan shekara tara na Turai zai ce masa mai larura, alhali hannunsa ya fi nasu horo, hanya kawai ya sauya.

Ajami ya fi fito da batun sarari. Ko an sami na'urar da ta iya Larabci, da wuya a ce ba da salon gabas aka horar da ita ba, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. A salon Magribi da tsangayun ƙasar Hausa suka gada, ɗigon fa'un a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, ga kuma ɗigon imala da ake sa wa a ƙarƙashin harafi don wasalin "e". Almajirin da ya rubuta ƙaf ɗinsa daidai yadda malaminsa ya koya masa, irin wannan na'ura za ta karanta masa fa'un ta sa masa jan layi. Wanda ke son kayan aikin nan su amfani yaran nan, da masu larura da marasa ita, sai ya fara daga inda mutanen Haifa da Lozan suka fara: takarda a manne a kan allo, alƙalami mai tawada, da ɗaruruwan yara na garin da za a yi aikin, aji-aji, na dama da bahagwai, na boko da na allo, suna kwafin nassin Hausa na minti biyar, ƙwararrun malamai kuma suna duba kowace takarda da ido kafin a nuna wa na'ura ko ɗaya.